Bashin Laka: Kogin Elwha da Kurmin Ƙarƙashin Teku

Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ya san kogi ba ruwa kaɗai yake ɗauke da shi ba. In damina ta yi nisa, ruwa kan zo jajawur, ɗauke da laka da rairayi da tsakuwa da karmami, in kuma ya janye ya bar wa mai fadama sabuwar ƙasa wadda ba ta neman taki. Manomi ya san wannan, masunci ya sani, har yaron da ke kai awaki shan ruwa ya sani. Abin mamaki, wanda yakan mance da shi shi ne mai ilmin da aka danƙa wa alƙalami ya zana madatsar ruwa, domin shi lissafinsa ruwa ne da lantarki da eka nawa za a noma da rani. Laka kuwa ya bar wa na baya. To, a wata kusurwa ta Amurka ranar na baya ta zo, an rushe madatsun ruwa biyu da gangan, laka ta kusan shekara ɗari ta kwararo teku cikin 'yan shekaru kaɗan, ta fāɗa wa wani kurmi da ke ƙarƙashin ruwa. Abin da ya faru da kurmin nan nake so mu duba, 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, domin masu murna da rushewar da masu baƙin ciki da ita duk sun ɗauki labarin ta ɓangaren da ya yi musu daɗi.

Kogin Elwha ƙaramin kogi ne, tsawonsa kimanin kilomita 72, yana tasowa daga duwatsun Olympic a Jihar Washinton, arewa maso yammacin Amurka, ya faɗa mashigin tekun Juan de Fuca wanda ya raba Amurka da tsibirin Vancouver na Kanada. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Klallam ke zaune a bakinsa, abincinsu da cinikinsu da bukukuwansu duk sun rataya a kan kifin samon, wanda ake ƙyanƙyashewa a kogi, ya girma a teku, sa'an nan ya komo kogin da aka haife shi ya zuba ƙwai ya mutu. An ƙiyasta cewa kafin a tare kogin, samon wajen 400,000 ke hawa shi a shekara, har ana samun wanda ya kai kilo 45. A 1910 wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Aldwell ya fara gina madatsa kilomita takwas daga bakin teku, mai tsayin mita 33, ta fara ba da lantarki a 1913. Dokar jihar ta hana a tare kogi ba tare da an bar wa kifi hanya ba, amma aka kau da kai, aka gina gidan ƙyanƙyasar kifi a madadin hanyar, shi ma bai yi shekara goma ba aka rufe shi. A 1927 aka ƙara ta biyu a can sama, a kwazazzabon Glines, mai tsayin mita 64. Kifi ya rasa fiye da kilomita ɗari na ruwan da ya saba hawa, yawansa ya faɗo zuwa 'yan dubbai.

Mutanen Klallam ba su daina ƙara ba. A 1992 Majalisar Amurka ta zartar da dokar maido da kogin, Shugaba George Bush babba ya sa hannu. A 2000 gwamnati ta sayi madatsun biyu a kan dala miliyan 29 da rabi. Aiki bai soma ba sai watan Satumba na 2011. Ta ƙasan ta tafi a farkon 2012, ta saman kuwa sai watan Agusta na 2014 aka fasa ragowarta. Lantarkin da aka yi asara bai taka kara ya karya ba, don a ƙarshen zamaninsu madatsun biyu ba su iya ɗaukar ko masana'antar takarda guda ɗaya da ke garin Port Angeles su kaɗai.

Abin da ya sa aka yi shekara goma sha tara ana jan ƙafa tsakanin doka da aiki, ban da rigimar kuɗi da ta siyasa, shi ne abin da ke kwance a ƙarƙashin tafkunan biyu. Laka da rairayi da tsakuwa kimanin tan miliyan 30 suka taru a can. Cikin shekara biyar da fara rushewa kogin ya kwashe kusan kashi biyu cikin uku na wannan tari, mafi yawa kuma ya kai shi teku. Fiye da tan miliyan 10 sun tafi tun aikin bai ƙare ba. Ruwan ya zama kamar kunun kanwa, gindin kogi ya ɗago da kusan mita guda a wurare, lakar ta toshe matatar ruwan da aka gina musamman don ta kare Port Angeles daga ita, har aka dakatar da rushewar kusan shekara guda ana gyara. Daga sama kuwa taurarin ɗan'adam suna ɗaukar hoton wani jan baki da ya miƙe daga kogin ya shiga cikin shuɗin teku.

Yanzu sai mu nutsa ƙasa. A gaɓoɓin teku masu sanyi akwai wata halitta da Turawa ke kira kelf. Dangin gansakuka ce, amma kada mai karatu ya kawo ta bakin rijiya a ransa, domin wannan takan yi tsayin da ya fi na rimi. Babbar cikinsu, wadda ke gaɓar Kalifoniya, kan ƙaru da kusan rabin mita a yini guda in ruwa ya yi mata daɗi. Wata kuma shekara ɗaya ce duk rayuwarta, ta tsiro da bazara, ta kai saman ruwa, ta zubar da iri, igiyar hunturu ta tumɓuke ta. In sun yi yawa a wuri sukan zama kurmi sosai, mai rumfa a sama da inuwa a ƙasa, inda ƙananan kifi ke ɓuya, ƙaguwa da dodon koɗi ke kiwo, 'ya'yan samon da suka fito daga kogi ke samun mafaka kafin su shiga babban teku. Charles Darwin ya gan su a ƙarshen Kudancin Amurka a shekarun 1830, ya kwatanta yawan rayukan da ke cikinsu da na kurmin ƙasashe masu zafi. Mu a gaɓar Afirka ta Yamma ba mu da su, ruwanmu ya yi musu ɗumi, amma nahiyarmu tana da nata a gaɓar Afirka ta Kudu da Namibiya inda ruwan Benguela mai sanyi ke ratsawa. Kuma wanda bai taɓa ganin teku ba ma ya yiwu ya taɓa kelf da bakinsa, don daga jikinta ake fitar da wani sinadari mai danƙo da ake sa wa a man goge haƙori da wasu kayan abinci da magunguna.

Kelf ba ta da saiwa. Abin da take da shi a gindi wasu 'yan yatsu ne da take damƙe dutse da su, ba ta shan komai ta nan, abincinta daga ruwa da hasken rana yake shiga ta ganye. Saboda haka abu biyu ne ranta: dutse tsirara da za ta kama, da ruwa garau da haske zai ratsa. Laka kuwa duka biyun take hanawa. Wadda ke yawo cikin ruwa tana tare haske kamar yadda ƙurar hunturu ke dushe rana, sai dai mu ƙura ba ta hana mu ci, ita kuwa kelf duhu yunwa ne gare ta. Wadda ta kwanta kuma tana rufe dutse. Rairayin da igiya ke kaiwa da komowa yana goge jikin dutse kamar ana wanke tukunya da yashi. Wurin da abin ya fi muni shi ne farkon rayuwarta, domin kelf ba daga iri take tsirowa kai tsaye ta zama babba ba. Ƙwayoyin da babbar ke zubarwa, waɗanda ido ba ya gani, sai sun sauka a kan dutse sun zama wasu ƙananan halittu, namiji da tamace, su ma ido ba ya ganinsu, sa'an nan daga haɗuwarsu sabuwar kelf ta fito. Lakar da kaurinta bai kai na takarda ba ta isa ta hana ƙwayar manne wa dutse, ko ta shaƙe ta in ta manne. Wato ana iya kashe kurmin baɗi tun bana ba tare da an taɓa ko ganye ɗaya na wanda ke tsaye ba.

A nan ne Amurkawan suka yi abin da ya cancanci yabo, kuma shi ne dalilin da ya sa muke da abin faɗa yau. Tun 2008, shekara uku kafin a taɓa madatsar, masu nutso na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, tare da na mutanen Klallam da wasu hukumomi, suka kafa alamu a ƙarƙashin ruwa gabas da yamma da bakin kogin, a zurfin da ya kama daga mita 3 zuwa 17, suna komawa kowace shekara su ƙirga abin da ke wurin. Da lakar ta zo, sai ya zama akwai ma'auni. A rahoton da Stephen Rubin da abokan aikinsa suka fitar a 2017, sun nuna cewa kafin rushewar kelf da jar gansakuka sun rufe fiye da rabin ƙasan tekun a wurin. Inda laka da rairayi suka kwanta suka zauna, ciyayin sun ragu ƙwarai ko sun ɓace ɗungum, yawancin kifi da ƙananan halittun wurin suka ragu tare da su. Inda ba ta kwanta ba, ruwa ne kawai ya gurɓace, ciyayin sun ragu gwargwadon duhun ruwan: in ka matso bakin kogi ka ga fili fetal, in ka yi nisa ka fara ganin ganye.

Wannan asara ce, kuma ba na jin daɗin yadda masu yabon aikin Elwha kan tsallake ta in suna ba da labari. Hotunan da suka zaga duniya na samon ne yana tsalle a ruwan da ya rabu da shi shekara ɗari, da na dattawan Klallam tsaye a wurin ibadar kakanninsu wanda ya fito fili a 2012 da tafki ya janye. Duk gaskiya ne, duk abin farin ciki ne. Amma kurmin da ya mutu a duhu ba shi da mai ɗaukar hoto sai 'yan nutso. Wanda ke son a yarda da shi gobe in ya ce a rushe wata madatsa, wajibi ne ya faɗi wannan ɓangaren da bakinsa tun kafin abokin hamayya ya tono masa shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai dai rahoton bai tsaya nan ba, kuma sauran nasa ne masu cewa "ga shi nan, da ma mun faɗa" ba su son karantawa. A wuraren da rairayi ya rufe tsakuwa, wasu halittun ƙaruwa suka yi: kifayen nan masu faɗin jiki da ke kwanciya a ƙasa, da wani siririn kifi mai shigewa cikin yashi wanda samon da tsuntsayen teku ke ci. Inda laka ta hau kan rairayi, dangin kumba suka yawaita. Inda kuwa ba a binne dutse ba, yawancin kifi da sauran halittu ba su girgiza ba ko da ciyayin suka tafi. Tun kafin a fasa ragowar madatsar Glines a 2014, ruwa ya fara washewa, masu nutso suka fara ganin sabon tsiro. Rahoton da suka sake fitarwa a 2023, bayan sun ci gaba da komawa wuraren, ya nuna abin ya rabu biyu: inda duhu kaɗai ya kashe kelf, ta komo cikin 'yan shekaru, inda rairayi ya zauna, wurin ya zama na masu son rairayi, har yanzu kuwa haka yake.

To, wa za a ɗora wa laifin wancan wurin da bai komo ba? Ni a ganina ba masu rushewa ba. Lakar nan ba 2011 aka ƙirƙire ta ba. Tun 1913 kogin ke kawo ta kowace shekara, ana tare ta, teku na jira. Da an bar shi, da ya kai ta kaɗan-kaɗan yadda igiya da halittun wurin suka saba karɓa shekaru dubbai. Wanda ya gina madatsa shi ya ci bashin, ya sha lantarki da riba, ya mutu. Jikokin waɗanda aka hana kifi su aka bar wa biya, aka kuma biya a dunƙule. Har ma akwai wata magana da ta fi wannan nauyi. Shekarun da kogin ya yi ba ya kawo rairayi, igiyar teku ba ta daina kwashe wanda ke bakinsa ba. Gaɓar da Klallam ke haƙar kumba ta zaizaye ta koma duwatsu, zirin yashin Ediz Hook da ke kare tashar jiragen ruwan Port Angeles ya dinga cinyewa har sai da injiniyoyin sojan Amurka suka riƙa jibga masa duwatsu da kuɗin gwamnati. Ke nan wani sashe na tsirarar tsakuwar da kelf ta samu ta kama dab da bakin kogin, madatsar ce ta tsiraita ta. Da rairayi ya komo, ƙasa ta ƙaru a bakin kogin da wajen hekta 60, tafkuna da rairayin gaɓa suka sake fitowa. Wanda ya tsaya a 2010 ya ce wannan shi ne asalin wurin, duk abin da ya sāɓa masa ɓarna ne, ya ɗauki rauni ya mai da shi kamannin haihuwa.

Duk da haka ina jan kunnen wanda zai ɗauki Elwha ya ce ashe laka ba abin tsoro ba ce, a fasa kowace madatsa, teku zai share. Elwha ta yi sa'a ta fuskoki da ba kowane kogi ke da su ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar da ke zuba mata ruwa yana cikin gandun gwamnati na Olympic wanda aka keɓe tun 1938, babu masana'anta, babu babban gari, saboda haka lakarta ƙasa ce tsabtatacciya. A kwatanta da kogin Hudson a Jihar New York, inda aka cire madatsar Fort Edward a 1973 ba tare da an duba abin da ke bayanta ba, sai ga laka cike da gubar masana'antu ta bazu ƙasa, aka yi shekaru da yawa ana kashe dukiya wajen yashe ta. Na biyu, mashigin Juan de Fuca wuri ne mai ƙarfin igiya, ruwa na shiga da fita da gudu kowace rana, shi ya sa lallausar lakar ba ta samu zama a wurare da yawa ba. Da a lungun teku mai kwanciyar ruwa ne, da labarin ya sha bamban. Na uku, kuma wannan ne ya fi damuna, kurmin da ke gabas da yamma da wurin yana nan da ransa, shi ya aiko da irin da ya sake shuka filin.

Wannan sharaɗi na uku shi ne ke neman kuɓuce wa duniya. A daidai shekarun da kelf ɗin Elwha ke farfaɗowa, na arewacin Kalifoniya yana mutuwa ba tare da an rushe ko madatsa ɗaya a kansa ba. Daga 2013 wata cuta ta kashe taurarin teku masu cin bushiyar teku, daga 2014 ruwan ya yi zafin da ba a saba gani ba, bushiyoyin suka yawaita suka cinye abin da zafi ya bari, fiye da kashi 90 cikin 100 na kurmin wannan gaɓa ya tafi. A gabashin Tasmaniya ta Ostireliya, babbar kelf ta ragu da kimanin kashi 95 cikin 100 saboda ɗumamar ruwa. Kurmi mai lafiya yana iya jure shekara biyu ko uku na duhu, kamar yadda garke mai ƙiba ke jure rani guda. Wanda zafi ya riga ya rama, duhun shekara ɗaya na iya zama ajalinsa, in kuma babu maƙwabci mai iri, shi ke nan. Don haka tambayar da ta kamaci injiniya ta wuce tan nawa ne a bayan bango. Sai ya san halin da mai karɓar lakar ke ciki a wannan shekarar, da watan da za a sake ta, da ko a sake ta gaba ɗaya ko kashi-kashi.

Amurkawan ma ba hanya ɗaya suka bi ba. A Elwha an yi ta gutsure bangon Glines daga sama, ana dakatawa a lokutan hawan kifi. A madatsar Condit ta kogin White Salmon, a 2011, rami aka fasa a gindi da nakiya, tafkin ya zube cikin awoyi. A San Clemente ta kogin Carmel a Kalifoniya, a 2015, sun ga lakar ta fi ƙarfin a sake ta a kan mutanen da ke zaune a ƙasa, sai suka karkatar da kogin ya kewaye ta, suka bar ta inda take. A kogin Klamath, inda aka cire madatsu huɗu tsakanin 2023 da 2024 bayan doguwar gwagwarmayar mutanen Yurok da Karuk, an zaɓi watan Janairu a zubar da tafkunan don lakar ta wuce da ruwan hunturu lokacin da manyan ayarin kifi ba su cikin kogi. Duk da haka iskar da ke cikin ruwan ta faɗi na ɗan lokaci, kifi ya mutu, amma kafin ƙarshen 2024 an ga samon a can sama a Jihar Oregon inda ya yi fiye da shekara ɗari bai kai ba. Kowace hanya da abin da ta ci. A sake ta da sauri, duka ya yi tsanani amma gajere. A ja ta, duka ya yi sauƙi amma kelf ta rasa irin shekara bayan shekara. Ga halittar da rayuwarta shekara ɗaya ce, ina ganin dogon duhu ya fi gajeren binnewa haɗari, kuma ya kamata a sa wannan a ma'auni tare da kifin kogi, maimakon a tsaya lissafi a inda ruwan daɗi ya ƙare.

Mai karatu zai ce, mu da ba mu da kelf, ba mu da samon, ba mu ma gama gina madatsun da muke bukata ba, ina ruwanmu? Ba na cikin masu cewa a daina gini. Ƙasar da ruwan samanta wata huɗu ne ba ta da zaɓi sai ta tare ruwa. Amma bashin lakar nan mu ma muna cinsa, mun kuma ga yadda ya yi wa maƙwabta. Da aka tare Nilu a Aswan a shekarun 1960, kifin sadin da Misirawa ke kamawa a bakin Bahar Rum ya faɗo daga kimanin tan 18,000 a 1962 zuwa ƙasa da tan 1,000 kafin shekarun su ƙare, gaɓar Rashid ta shiga zaizayewa. A Gana, bayan an gama Akosombo a 1965, rairayin da kogin Volta ke kaiwa gaɓa ya ragu, cin da teku ke yi wa garin Keta ya ƙaru. A Sudan, tafkin Khashm el Girba da aka gama a 1964 laka ta cinye babban rabo na cikinsa. A gida kuwa, Kainji tun 1968 take tare Kwara, Tiga tun 1974, Bakolori tun 1978, Challawa tun 1992, kuma mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun fi kowa sanin abin da ke faruwa in ambaliyar shekara ta daina zuwa yadda ta saba: laka ta kwanta a hanyoyin ruwa, kacala ta toshe su, gonar shinkafa da wurin su da makiyaya su ƙuntata. Madatsar Bagauda da ta ɓalle a 1988 da ta Alau a 2024 sun isa su tuna mana cewa bango ba ya dawwama. Kowace madatsa da ke tsaye yau, wata rana za a yashe ta, ko a rushe ta, ko ta rushe da kanta, abin da ke bayanta kuma zai sauka a kan wani.

Ku da za ku zauna a ofisoshin ma'aikatar ruwa da ta gona da hukumomin raya kogi, takardun irin waɗannan ayyuka za su biyo ta teburinku, wasunku ma sun fara gani. In takarda ta zo da adadin ruwa da na lantarki da na eka, ba ta faɗi tan nawa na laka kogin ke kawowa a shekara ba, ba ta faɗi shekara nawa tafkin zai yi kafin ya cike ba, ba ta ambaci ƙofar da za a riƙa sakin lakar ta gindi ba, ba ta kuma ce ga wanda zai biya kuɗin ranar ƙarshe ba, to a mayar da ita a cike gurbin. Aikin Elwha ya ci fiye da dala miliyan 300, kuma babban rabo na kuɗin nan ba wajen fasa kankare ya tafi ba, wajen kare ruwan shan mutane da kifi daga laka ya tafi. Aldwell bai sa ko sisi na wannan a lissafinsa na 1910 ba, babu kuma ma'aikacin da ya tilasta masa. Abu na biyu ya fi arha, ga shi kuma a hannun jami'o'inmu yake: a auna tun kafin a taɓa. Abin da ya ba masu nutson Elwha bakin magana shi ne shekara uku da suka yi suna ƙirga ganye lokacin da babu abin da ya faru, aikin da ba ya kawo suna, ba a kuma buɗe shi da almakashi. Ɗaliban sashen nazarin ƙasa da na halittu da ke neman abin rubuta kundin digiri, ga fadamu nan ƙasa da kowace madatsa da ake shirin ginawa, ba a ƙirga kifinsu da ciyayinsu da kaurin lakar da ambaliya ke bari ba. In ba a rubuta yau ba, ranar da masunci zai zo ƙara za a ce masa ya kawo shaida.

A Elwha an hana kamun kifi tun 2011 don a ba samon sarari ya farfaɗo, Klallam da kansu suna cikin waɗanda suka amince da hanin. Sai a watan Oktoba na 2023 suka sake jefa taru a kogin, kamun kaɗan na ci da na al'ada, daga irin samon da ake kira koho. Yawan kifin bai kusanci na zamanin kakanninsu ba tukuna. A bakin kogin, tsuntsaye na sauka a kan sabon rairayin da babu shi a 2010, 'yan mitoci kaɗan a ƙarƙashinsa kuma akwai tsakuwar da kelf ta taɓa kamawa, binne. In ka yi gaba kaɗan inda dutse ya tsira, ganyen ya komo.